Mai shakka a coci: a saurare shi kafin a yi masa wa'azi

Malam Edita,

Barka da aiki. Muna roƙon fili a jaridarka kan wata magana da ta shafi ikilisiyoyinmu na Kaduna, daga Sabon Tasha da Narayi har Kakuri da Gonin Gora. Mu malamai ne na ajin baftisma da makarantar Lahadi. Akwai tambayar da masu bi kan kawo a asirce bayan an tashi sujada: "In Allah yana nan, me ya sa ba na ganinsa, ba na jin motsinsa?" Amsar da aka saba bayarwa tsawa ce, ko a ce aikin Shaiɗan ne, a je a ƙara azumi. Wannan amsa tana korar mutane daga coci, kuma Littafi Mai Tsarki bai goyi bayanta ba.

Ba a taɓa yi wa mai bi alkawarin ganin Allah da ido a duniyar nan ba. A Fitowa 33:20 an faɗa wa Musa cewa mutum ba ya ganin fuskar Allah ya rayu. Yohanna 1:18 ta ce ba wanda ya taɓa ganin Allah, Ɗan ne ya bayyana shi. Bitrus kuma, a wasiƙarsa ta fari 1:8, ya rubuta wa mutanen da ke ƙaunar Yesu alhali ba su taɓa sa shi a ido ba. Ashe rashin gani shi ne halin da kowane mai bi yake ciki. Amma idan mai wa'azi kowace Lahadi "na gani" ne da "an nuna mini", ɗan ikilisiyar da bai taɓa ganin komai ba sai ya ɗauka shi ne mai naƙasa.

A duba kuma yadda aka yi da masu shakka. Toma ya ce sai ya taɓa gurbin ƙusoshi kafin ya yarda, kuma bayan kwana takwas yana nan tare da almajirai a ɗaki ɗaya, ba wanda ya kore shi (Yohanna 20:24-29). Yohanna Mai Baftisma ya aika daga kurkuku yana tambaya ko Yesu ne mai zuwan ko a jira wani. Yesu bai tsawata masa ba. Ya ce a je a gaya masa abin da ake gani da abin da ake ji, makafi na gani, guragu na tafiya, sannan ya yabe shi a gaban jama'a (Matiyu 11:2-11). Uban yaron nan na Markus 9:24 ya haɗa biyun a baki ɗaya, ya ce ya gaskata, a taimaki rashin bangaskiyarsa, aka kuma warkar masa da ɗa. Yahuda aya ta 22 ta yi umarni kai tsaye a ji tausayin masu shakka. Ayar da ake yawan mayarwa bulala, Yakubu 1:6, magana take a kan mai roƙon hikima da zuciya biyu, ba a kan matar da ta binne ɗanta jiya ba.

Babban kuskuren shi ne ɗaukar shakka a matsayin abu ɗaya, kamar mai kemis da ke ba kowane zazzaɓi magani iri ɗaya ba gwaji. Don haka zaman farko na tambaya ne. Fasto ko dattijo ko uwar zumunta ya sami wurin da ba a jin maganarsu, ya ba da sa'a guda, rabin farko kada ya buɗe Littafi, kada ya katse. Tambayoyi uku sun isa: Tun yaushe abin ya fara? Me ya faru a lokacin? Yaya barci da cin abinci? Daga amsoshin ne ake gane inda aka dosa.

Wani shakkarsa ta tunani ce. Ɗalibi ne da ya kalli bidiyo a TikTok ko ya ji wata muhawara a makaranta. Wannan amsa yake so, ba ɗora hannu ba. A sa shi ya rubuta tambayoyinsa a takarda, domin abin da ke yawo a kai kamar guda ɗari yakan koma uku ko huɗu idan an rubuta. A ɗauki ɗaya kowane mako. A karanta Markus tare, sura 16 ce kawai, biyu a mako wata biyu ke nan. A nuna masa 1 Korantiyawa 15:3-8, inda Bulus, shekara ashirin da 'yan kai bayan gicciye Yesu, ya jera shaidun tashinsa, har da mutum fiye da 500 waɗanda ya ce yawancinsu suna da rai a lokacin. Abin da ke ɓata aikin nan shi ne malami ya ƙirƙiro amsa don kada a ce bai sani ba. Yaron yana da waya a aljihu, kafin dare zai bincika, kuma ranar da ya kama ƙarya ɗaya ya daina yarda da sauran. Gara a ce masa, "Bari mu nemo tare."

Wani kuwa ciwo ne ya kawo shi, kuma a Kaduna waɗannan ba kaɗan ba ne. Mun ga bom a cocin Katolika na Santa Rita a watan Oktoban 2012. A Janairun 2020 aka sace ɗalibai huɗu daga makarantar horar da fada-fada ta Kakau, aka kashe ɗaya, Michael Nnadi, yana ɗan shekara 18. A Yulin 2021 aka kwashe yara fiye da 120 daga makarantar Bethel Baptist a ƙaramar hukumar Chikun. Wanda ya sayar da gona ya biya kuɗin fansa, in ya ce "ina Allah yake", ba hujjar falsafa yake nema ba. Kada a ce masa "Allah ya san dalili" a zaman farko, kada a soma binciken wane zunubi ne ya jawo. Abokan Ayuba sun yi kwana bakwai a zaune da shi ba magana, kuma da suka buɗe baki ne suka ɓata, har Allah ya tsawata musu a sura ta 42. A ba shi addu'o'in da Littafi ya tanadar wa irin wannan rana: Zabura 13, 22, 42 da 88. Ta 88 ta ƙare a cikin duhu ba tare da ta juya zuwa yabo ba, amma aka bar ta cikin jerin surori 150 na Zabura. Mu dai muna mamakin yadda ba a cika jin an karanta ta a bagadi ba. Sannan a tuna da buhun masara da kuɗin makarantar yara, domin 1 Yohanna 4:12 ta haɗa rashin ganin Allah da ƙaunar juna a aya ɗaya.

Kusa da wannan akwai wanda aka yi wa alkawarin da Allah bai yi ba. An ce ya shuka iri da albashinsa, wato ya ba da shi baiko, cikin wata uku aiki ko haihuwa za ta zo, ba ta zo ba. A gaya masa a fili cewa mutum ne ya yaudare shi. Idan aka tsaya kare mai wa'azin, to Allah ne mutumin zai ɗora wa laifin.

Sai wanda jikinsa ne ya gaji. Idan sama da mako biyu ba ya barci, ba ya cin abinci, abin da yake so a da ya fita masa a rai, to wannan alamar ciwon damuwa ce, a haɗa addu'a da likita. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana nan a Barnawa, zuwa can ba abin kunya ba ne. Ɗora wa irin wannan mutum busasshen azumi da kwanan addu'a ƙara masa ciwo ne, domin rashin barci da yunwa su ne ke zurfafa duhun. Iliya ya roƙi mutuwa a ƙarƙashin itace, mala'ika kuma ya ba shi abinci da ruwa har sau biyu, ya bar shi ya yi barci, kafin a zo maganar murya a Dutsen Horeb (1 Sarakuna 19). In har mutum ya ambaci kashe kansa, ko da wasa, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da ƙwayoyi daga ɗakin, a kai shi asibiti a ranar.

Duk wanda ya zo, a riƙe masa asiri. Sau da yawa maganar da aka faɗa wa mutum ɗaya takan fito a taron Zumuntar Mata ko na matasa da sunan "mu sa shi a addu'a", kafin Lahadi unguwa ta ji. Daga nan ba mai sake zuwa. Kada kuma a cire shi daga ƙungiyar mawaƙa ko a hana shi Jibin Ubangiji don ya yi tambaya kawai. Wasiƙun Uwa Teresa ta Kalkata da aka buga a 2007 sun nuna ta shafe shekaru masu yawa ba ta jin kusancin Allah, amma ba ta bar addu'a ko hidimar matalauta ba.

Roƙonmu ga shugabannin ECWA, HEKAN, Katolika, Anglikan, Baptist da sauransu shi ne a sa darasi ɗaya kan shakka a cikin ajin baftisma da na tabbatarwa, a horar da aƙalla namiji ɗaya da mace ɗaya a kowace ikilisiya kan wannan zama na sauraro, a kuma buɗe lokacin shaida ga wanda addu'arsa ba ta sami amsa ba tukuna.

Mun gode.

Wasu malaman ajin baftisma da makarantar Lahadi,
Kaduna.