Masu hayar sabar, ku tambayi wa kuke raba ƙwaya da shi

Ranka ya daɗe Edita,

Ka ba ni ɗan fili a jaridarka in ja hankalin masu kula da kwamfutocin ma'aikatu, musamman masu hayar sabar, wato kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima, a intanet. Wurin ƙulla ciniki ana tambayar sauri da girman ma'ajiya da kuɗin wata, amma da wuya ka ji an tambayi wanda za a haɗa mutum da shi a kan ƙwayar furosesa guda, wato ɗaya daga cikin sassan da ke yin lissafi a cikin kwamfuta.

Tun 2002 Intel ya fito da Hyper-Threading, dabarar da a dunƙule ake kira SMT, inda ƙwaya ɗaya ke jan zaren aiki biyu a lokaci guda. Manhaja tana ganin furosesa biyu, alhali kayan aikin ɗaya ne: ma'ajiyar kusa ta L1, mai kilobayit 32 a yawancin ƙwayoyin Intel na shekarun baya, da ƙofofin da umarni ke bi zuwa sassan lissafi, da ƙananan ma'ajiyoyin da bayanai ke yada zango a ciki. Ƙarin saurin ma bai kai ninki biyu ba, yawanci bai wuce kashi 30 cikin 100 ba.

Ɓarawon da ya samu zama a zare na biyu ba ya buƙatar fasa komai, agogo kawai yake riƙewa. A harin PortSmash, wanda masu bincike daga Finlan da Kuba suka bayyana a Nuwamban 2018, yakan yi ta tura umarni ta ƙofa ɗaya ba ƙaƙƙautawa yana auna lokaci. Duk sa'ad da maƙwabcinsa ya bi ta ƙofar, nasa umarnin sai ya ɗan yi jinkiri. Jinkiri, sauri, sauri, jinkiri: daga wannan jerin suka fitar da makullin sirri na OpenSSL, manhajar ɓoye bayanai, a kan furosesar Intel ta Skylake da Kaby Lake. Ba sabon abu ba ne kuwa, domin tun 2005 Colin Percival ya nuna yadda ake satar makullin sirri na tsarin ɓoye bayanai na RSA ta hanyar lura da ma'ajiyar kusa.

Abin da ya biyo baya ya fi muni, don bayanan da kansu ake kwashewa. Harin Foreshadow, a Agustan 2018, ya ba kwamfutar haya damar karanta abin da ke cikin L1, ko na waye. A Mayun 2019 hare-haren ZombieLoad da RIDL, waɗanda a dunƙule ake kira MDS, suka yi irin haka da ma'ajiyoyin zango. Maganin da aka fitar shi ne sharewa: kafin ƙwaya ta tashi daga aikin wani ta koma na wani, sai a goge ma'ajiyar. Wannan yana aiki idan bi da bi ake yi. To amma zare biyu ba sa jiran juna. Kamar mutum biyu ne a teburi ɗaya. Share teburin bayan ka tashi ba zai hana na gefenka leƙa takardarka kana cikin rubutu ba. Nan ne da yawa ke ruɗuwa, su ga sun sabunta manhaja su ɗauka an gama.

Shi ya sa manhajar sarrafa kwamfuta ta OpenBSD ta kashe SMT kai tsaye tun Yunin 2018, Google kuma ya yi haka a Chrome OS 74. Apple ya bar zaɓin ga mai na'ura, tare da gargaɗin cewa cikakkiyar kariya kan iya cin kashi 40 cikin 100 na sauri a wasu ayyuka. Kada mai AMD ya saki jiki, don harin SQUIP na 2022 a kan ƙwayoyin Zen ma ta zare biyun nan ya bi.

A Linux dubawar ba ta cin minti biyu. Umarnin lscpu zai nuna zare nawa ke kan kowace ƙwaya. Idan 2 ne, SMT na kunne. Sai a buɗe fayilolin mds da l1tf (na biyun shi ne na Foreshadow) da ke cikin /sys/devices/system/cpu/vulnerabilities. Idan layin ya nuna an sa magani amma ya ƙare da "SMT vulnerable", to ƙofar tana nan a buɗe. Rubuta off a /sys/devices/system/cpu/smt/control zai kashe shi nan take, sai dai yana dawowa da zarar an sake kunna na'ura. Mai son ya dawwama sai ya ƙara nosmt a layin tayar da kwamfuta, ko ya kashe a BIOS, saitin na'ura da ake shiga wurin kunna ta. Akwai kuma mitigations=auto,nosmt, wanda ke kashewa kawai idan furosesar na cikin masu raunin. A sabunta maikurokod, wato ƙaramar manhajar da ke cikin furosesar kanta, tukuna, don in babu shi sharewar MDS ba ta aiki.

Ba kowa ne ya kamata ya kashe ba. Sabar da ke tafiyar da manhajar ma'aikata ɗaya, babu baƙon kod a kanta, asarar sauri kawai za ta yi. Wadda ke ɗauke da kwastomomi daban-daban, ko take tafiyar da kod ɗin da mutanen waje suka turo, ita ce abin ji. Tsaka-tsaki shi ne tsarin rabon ƙwaya da ya shigo Linux 5.14 a 2021, wanda Hyper-V, manhajar Microsoft ta raba sabar zuwa kwamfutocin haya, ma yake da irinsa: ba a haɗa zare biyu a ƙwaya sai sun fito daga mai shi ɗaya. Yana raba kwastoma da kwastoma, amma bai gama kare cibiyar manhajar daga zaren da ke gefenta ba.

Shi kuwa mai haya, kashe SMT daga cikin kwamfutar hayarsa ba ya hana mai sabar ɗora wani a zare na biyun, domin hukuncin yana hannun mai na'ura. A wurin kamfanoni da yawa "furosesa ɗaya" a takardar farashi na nufin zare ɗaya, wato rabin ƙwaya. Saboda haka a nemi amsa a rubuce kafin a sa hannu: shin zare biyun kowace ƙwaya nawa ne ni kaɗai, kuma yaushe aka sabunta maikurokod na ƙarshe? Sabar da ke riƙe da makullan sirri ko bayanan biyan kuɗi kuwa, a kama mata na'ura sukutum, ko a zaɓi furosesar da ba ta da SMT tun asali, irin Graviton na Amazon.

Na gode da wannan dama.

Naka,
Wani ma'aikacin tsaron kwamfuta