Amsa ga ɗalibar da ta tambaye mu a rediyo ranar 13 ga Mayu

Ɗiyarmu,

Muna gaishe ki cikin sunan Ubangiji. A shirin ranar mata kin bugo waya kin ce ke Kirista ce, kina karatu a jami'ar garin nan, kika jefa mana tambaya a bainar jama'a. A majami'a ana gaya miki darajar mace ɗakinta da 'ya'yanta, a makaranta kuma kina jin masu fafutukar haƙƙin mata na cewa haihuwa da raino su ne igiyar da aka ɗaure mace da ita, to wa za ki bi? Lokaci ya ƙare ba mu amsa ba. Ga amsar, daga mu matan zumunta, da ungozomomi da malaman makaranta a cikinmu.

Mu fara da Littafi, tunda da shi aka fi rufe mana baki. Kusan kowane ɗaurin aure sai an karanta Karin Magana 31, a tsaya a kan matar da ke tashi tun da sauran dare. Ki ƙarasa surar da kanki. A aya ta 16 matar nan ta duba gona ta saya. A ta 24 tana ɗinka tufafi tana sayarwa. A ta 31 an ce a ba ta amfanin aikin hannunta, a yabe ta a ƙofar gari, inda dattawa ke zama. Da a Damagaram take, da mun ce 'yar kasuwa ce mai jarinta. A Luka 11:27-28 wata mace ta yaba cikin da ya haifi Yesu, shi kuwa ya mai da albarkar ga masu jin maganar Allah suna kiyaye ta. Bai raina uwarsa ba, amma bai auna mace da mahaifarta ba.

Ayar da ta fi yin ɓarna idan an karanta ta ita kaɗai ita ce 1 Timoti 2:15, mai maganar ceto ta wurin haihuwa. Masana sun daɗe suna saɓani a kanta. Sai dai ba za ta rushe Afisawa 2:8-9 ba, inda ceto alheri ne ta wurin bangaskiya, kuma Bulus ɗin nan ne ya yaba zaman marasa aure a 1 Korantiyawa 7. Wadda ake yi wa gori da juya tana zaune a bencin baya, da ita ake wannan wa'azi. Sau da yawa ma matsalar daga mijin take, gwajin maniyyi kuwa ya fi gwaje-gwajen mace sauƙi da araha. In an shekara ba ciki, su je likita su biyu.

Sai Afisawa 5, maganar biyayya. Ana fara karatu daga aya ta 22, alhali jimlar ta faro ne daga ta 21, wadda ta ce a yi wa juna biyayya. A wasu tsofaffin rubuce-rubucen Helenanci aya ta 22 ba ta ma da kalmar biyayya, daga ta 21 ta aro ta. Aya uku aka yi wa mata, daga 25 zuwa 33 kuwa kusan duka kan miji ne, wanda aka ce ya ba da kansa kamar yadda Almasihu ya yi. Mu kanmu ba bakinmu ɗaya ba kan ma'anar shugabancin miji, amma mun haɗu a kan cewa duka da hana zuwa likita ba su cikinta.

Su kuma masu fafutuka, kada a ce miki duk daga Faransa aka kawo. Ranar da kika kira mu, ranar tunawa ce da 13 ga Mayun 1991, da mata suka yi maci a Yamai saboda mace ɗaya tak aka sa cikin kwamitin shirya babban taron ƙasa. Dokar kason mata ta 2000 ta ba su kashi 10 cikin ɗari na kujerun zaɓe da 25 na muƙaman naɗi, a 2019 aka ɗaga zuwa 25 da 30. Cikin ikilisiya ma, Mercy Amba Oduyoye, 'yar Metodis daga Ghana, ta tara mata masana tauhidi na Afirka a Akra a 1989. Yawancin matan Afirka masu wannan gwagwarmaya ba su ƙi haihuwa ba. Tambayarsu ita ce wa ke ɗaukar nauyinta, kuma a garin da mace ke kwanan zaune tana jiran famfo ya kawo ruwa, tambaya ce mai kyau. Inda muka rabu da wasunsu shi ne zubar da ciki, ba mu yarda da shi ba. Kan tazarar haihuwa kuma Katolika ba ta amince da ƙwaya da allura ba, sai lissafin kwanaki, yayin da ikilisiyoyin bishara da yawa suka bar wa ma'aurata zaɓi.

Amma wurin da muke so ki auna kowa, fasto ne ko 'yar ƙungiya, shi ne daren naƙuda. Jinkiri uku ke kashe mata: na yanke shawarar tafiya, na hanya, da na samun kulawa bayan an isa. Na farkon a cikin gida yake. Miji ya yi tafiya, ba wanda ya isa ya ba da izini, ko kuma mai cikin fari tana ɓoye ciwo don kunya. Zubar jini bayan haihuwa kan iya kashe mace cikin awa biyu. Naƙudar da rana ta fito ta faɗi a kanta, kan jariri na matse mafitsara da ƙashi har naman ya mutu, daga nan yoyon fitsari ke zuwa, yankan gishiri kuma ƙara ta'azzara shi yake yi.

Don haka tun ciki na wata bakwai a zauna a gama magana. Miji ya faɗa a gaban uwarsa da maƙwabta cewa ko ba ya nan a tafi da ita. A ajiye lambar mai mota, da wata ta biyu. A ware kuɗi, domin ko da yake gwamnati ta mai da tiyatar haihuwa kyauta tun 2005, awon ciki da maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuma tun 2006, magani kan yanke, man mota kuma daga aljihun mara lafiya ne. A san rukunin jininta, a sami mutum biyu da za su bayar, mijin ma ya ba da nasa ga ma'ajiyar jinin asibiti. Mai wa'azin ba da kai da ke zamewa in an ce ya miƙa hannu a ɗebi leda ɗaya, a tuna masa da Afisawa 5:25. Alamun da ba a jira gari ya waye a kansu: jini, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, jijjiga, zazzaɓi, da mabiyiya da ta ƙi fita. A yi addu'a, amma a cikin mota. Bayan haihuwa a rage kunun kanwa, gishirinsa na tara ruwa a jiki ya wahalar da zuciya. Nono zalla wata shida, sannan aƙalla wata 24 kafin wani cikin, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawara.

Wannan ba baƙon abu ba ne a nan. Makarantun mazan aure da UNFPA, asusun Majalisar Ɗinkin Duniya kan yawan al'umma, ya tallafa, a jihar Damagaram suka faro, maza kaɗan-kaɗan suna zama suna tattauna lafiyar matansu. Ba abin da zai hana zumuntar maza yin irinsa bayan sujada.

Sai ɗiya mace. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin shekara 18, kuma gidajen Kirista ba su kuɓuta ba, musamman in an ji tsoron ciki a waje ko an rasa kuɗin makaranta. Fasto na da ikon ƙin ɗaura auren yarinya, ya nemi takardar haihuwa kafin a sa rana.

Ke da za ki yi aiki, ki san dokar ƙwadago ta ba ki hutun haihuwa na mako 14, da awa ɗaya a rana don shayarwa har shekara guda. Mai tallar ƙosai da mai surfe ba su da wannan, shi ya sa asusu irin na Mata Masu Dubara, da ya faro a Maradi a 1991, ya fi musu amfani da dogon jawabi. In kuma aure ya zo, kada ki tsaya a na majami'a kaɗai. Ku je ofishin magajin gari a rubuta, ki karɓi takardar aure, ki tambayi tsarin da za a bi kan dukiya da gādo, domin kotunanmu kan bi al'ada a waɗannan batutuwa, kuma gwauruwar da ba ta da takarda ita dangin miji suka fi saurin fitarwa daga gida. Fili ko gidan da kika sa kuɗinki a ciki, sunanki ya hau takardarsa tun ranar saye.

Iyayenki na zumuntar mata,
Damagaram