Na sha zobon gida a Tukumkari

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ya Inna ya Baba da ƙafar tasa, dan nasan sanyi ya fara shigowa kuma da hunturu take matsa masa, ya iyali ya yara, Allah yasa kowa ƙalau. Ni ma nan lafiya lau alhamdulillah sai gajiyar hanya.

Da saƙon murya naso in yi sai naga zai yi tsawo kuma network ɗinku ba tabbas, gara in rubuta ka ba Auta ta karanta wa Inna a tsanake bayan isha'i. Dan kullum muka yi waya tambayarta ɗaya ce, wai me nake ci a ƙasar nan ta Amurka, in nace shinkafa sai tace ƙarya nake na rame a hoto. To yau ga amsa da hujja.

Talatar makon jiya na ɗauko kaya daga Dalas ta jihar Teksas zan kai Albakarki a jihar Niyu Meksiko, na wuce Amarilo lafiya na hau babban titin nan I-40, na shiga jihar kenan ban yi nisa ba naga allurar zafi tana hawa, kafin in samu gefe in tsaya tiyon lagireto ya fashe ruwa ya zube tas. Da ƙyar aka jawo ni zuwa wani gari wai shi Tukumkari. Wallahi da na fara ganin sunan a allo dariya nayi, sai kace wani ƙauye a hanyar Nguru ko Gashuwa. Bakanike ya duba yace ba tiyon kaɗai bane har famfon ruwan ya tafi, kuma sai an aiko da shi daga Amarilo, mil ɗari da 'yan kai, sai gobe in Allah ya kaimu. Goben nan ta zama jibi.

Garin ƙarami ne, mutanensa basu fi 5,000 da wani abu ba, fili fetal ba bishiya sai iska mai sanyi da ƙura kamar farkon hunturu a Maigatari. Da can tsohuwar hanyar nan mai lamba 66 da aka buɗe a 1926 ta tsakiyar garin ta ratsa, matafiya da yawa masu zuwa Kalifoniya nan suke kwana, da aka yi sabon titi ya zagaye garin sai kasuwa ta mutu, a 1985 ma aka soke lambar hanyar gaba ɗaya. Har yanzu zaka ga tsofaffin masaukai jere da fitilu masu launi, wasu na aiki wasu kango. Kasan yadda tasha take komawa in aka ɗauke motoci aka maida su wani wuri, to haka.

Miyar da na taho da ita daga Dalas a kula ta ƙare tun Amarilo, saura biredi da kifin gwangwani da yajin Inna, ni kuma raina ya fita daga kifin gwangwani. Bakaniken ne ya nuna min wani ɗan gidan abinci da hannu yace in je can ince shi ya turo ni.

Wani tsohon gini ne mai fenti ruwan ƙasa, an rubuta abincin Meksiko da na Amurka a gilashi, a bakin ƙofa an rataye busasshen jan barkono an kitse shi a igiya dogo har kusan ƙugu na, irin shanyar da Gwaggo take yi amma tasu ado ce da abinci a haɗe. Ciki teburi bai kai goma sha biyu ba. Bango duk hotuna, na aure, na wani saurayi da kakin soja, na 'yan ƙwallon makaranta, sai hoton Nana Maryam irin na 'yan Katolika da kyandir a gabansa. Wata yarinya da bata fi shekara tara ba tana teburin lungu tana aikin makaranta, wasu dattawa uku da manyan hulunan makiyayan nan suna shan kofi. Ina shiga kowa ya ɗago ya kalle ni, gabana ya ɗan faɗi ba zan ɓoye maka ba, baƙin mutum ɗaya tilo a ɗan ƙaramin gari, sai ɗaya daga cikinsu ya ɗaga min kai kawai suka cigaba da hirarsu ta shanu da rashin ruwan sama.

Gida ɗaya ne ke riƙe da wurin. Kakar tana kicin da surukinta, 'yarta tana kan kuɗi, jikar babba ita ke kawo abinci. Ina zama ta ajiye min ruwa cike da ƙanƙara a wannan sanyin, da kwando na soyayyen abu na masara siriri mai ƙaras-ƙaras da ɗan kwanon dakakken tumatir da barkono da albasa. Nace ban ce a kawo ba, tace kyauta ne, in ya ƙare ma a ƙaro. Takardar abincin gefe biyu ce. Gefen Amurka su baga da soyayyen dankali da wani abu da sunansa yake cewa soyayyar kaza amma naman sa ne aka buga shi ya yi faɗi aka soya shi irin suyar kaza, wannan kam sai Bature. Gefen Meksiko kuma sunaye ne da ban iya karantawa ba.

Tambayar farko da ta min ita ce ja ko kore. Nayi shiru ina kallonta. Ashe miyar barkonon da za a zuba take nufi, kuma wai tambayar nan har majalisar jihar ta amince da ita a matsayin tambayar jiha a hukumance, in kana son duka biyun sai kace Kirsimeti. Mutanen nan barkono ne alfaharinsu, akwai wani gari Hac can kudu da ya yi suna da nomansa, kore ne dogo kamar shambo amma ya fi shi kauri, ana gasa shi a wuta a ɓare fatar.

Nan fa aka zo wurin da Inna take jira. Nace wa yarinyar ni Musulmi ne bana cin alade, naman ma gaba ɗaya ta bar shi tunda ba yankanmu bane, ta kawo min wake da shinkafa kawai. Ta ɗan yi jim tace bari ta kira kakarta. Sai ga wata 'yar dattijuwa gajeruwa ta fito tana goge hannu a atamfar gabanta, Turancinta kamar nawa na shekarar farko, muka haɗa da hannu da waya da jikar tana fassara. Ta fara lissafa min da yatsu, waken da aka dama akwai kitsen alade a ciki, manteka suke ce masa, ka riƙe kalmar nan ko zaka gaya wa wani mai zuwa, gurasarsu ta fulawa akwai, wani abu kamar alala da suke naɗewa a ɓawon masara akwai, koriyar miyar ta ranar ma da naman alade aka dafa ta. Wato da na yi shiru na ci waken nan ina ganin na tsira, Allah ne kawai ya rufa asiri. Kuma ba wanda zai sani in ta yi shiru ta karɓi kuɗinta.

Tace kar in damu, su ma suna da kwana 40 na azuminsu kafin Ista da basa cin nama ranar Juma'a, dan haka tasan girkin da ba nama. Ta ƙofar kicin ina hango ta ta ɗauko kasko ta wanke shi da sabulu ta ɗaga min shi sama in gani tukuna ta ɗora.

Abin da ta kawo min encilada suke kiransa. Gurasar masara ce siririya guda uku an jera ɗaya kan ɗaya, tsakaninsu cuku da albasa, an malale su da jar miyar barkono da ta haɗa min sabuwa da man gyaɗa irin nasu, a sama an ɗora soyayyen ƙwai kwanduwar bata daskare ba, kana tsaga shi ta gangaro cikin miyar. Gefe ga wake dafaffe guda-guda da romonsa daga wata tukunyar daban, ga kabewa ƙanana da aka soya da tsabar masara da koren barkono. Jar miyar nan ba tumatir a cikinta ko kaɗan, zallan busasshen barkono ne da tafarnuwa, yajinta baya duka a baki kamar attarugu, a hankali yake tasowa sai kaji goshinka ya jiƙe. Masarar gurasar da farar ƙasa suke dafa ta kafin a niƙa, shi yasa take da wani ƙamshi kamar tuwon da aka sa wa toka. Kuma ƙullun nasu sunansa masa, da naji tana cewa masa masa na ɗauka waina za a kawo, har na gyara zama. A ƙarshe ta kawo wani soyayyen abu kamar fanke amma mai kusurwa kuma cikinsa holoƙo, ka ɓula shi ka tsiyaya zuma, tace wannan da man gwangwani ta kwaɓa ba manteka.

To Yaya ga inda nake son zuwa. A kan kanta akwai manyan tulunan gilashi guda uku, ɗaya fari, ɗaya ruwan ƙasa, ɗaya ja wur. Farin na shinkafa ne da kirfa, orcata, kamar kunun aya da ya sha ruwa. Ruwan ƙasan tamarindo, ina kurɓa naji tsamiya ce tsaf. Jan kuma tace hamaika. Na kai baki, wallahi tallahi zobo ne, zobon da ka sani, sai dai basu sa citta da kanumfari ba, sukari kawai da ƙanƙara. Na ajiye kofin nayi shiru na ɗan lokaci, yarinyar ta ɗauka bai min daɗi ba. Na buɗe waya na nuna musu hoton gonar Baba ta bara lokacin da ta yi ja, nace wannan abin mu ke noma shi. Surukin ya shiga ciki ya fito da ledar da suke saya daga mai kawo musu kaya, babba, ya juya bayanta ya nuna min da yatsa, an rubuta daga Najeriya.

Kasan dai muna jin 'yan sari suna cewa Meksiko ake kai shi, daga Maigatari da Gumel a tara a Dawanau a loda kwantena zuwa Legas, amma ni ban taɓa kawo wa raina cewa wasu mutane ne suke zama da 'ya'yansu su sha shi da abincin rana ba, na ɗauka magani ko rini ake yi da shi. Na ɗebo kaɗan a tafin hannu na shinshina, har da ɗan guntun kara a ciki irin wanda Inna take faɗa in yara basu tsince da kyau ba. Dala 3 kofi ɗaya, kuma bai fi cikin hannu biyu zasu jiƙa su cika tulun nan ba, ka lissafa da canjin yau ka tuna nawa aka sayi buhunmu bara.

Mijin dattijuwar ya zo daga baya ya ja kujera ya zauna kusa da ni. Na tambaye shi yaushe suka zo daga Meksiko, ya yi dariya yace ita ce ta zo tana budurwa daga Ciwawa, shi kakanninsa suna nan tun ƙasar tana hannun Meksiko kafin Amurka ta karɓe ta a 1848, iyaka ce ta tsallake su. Nace masa nasan wannan, mu ma rabin danginmu suna Nijar kuma ba wanda ya yi ƙaura.

Kuɗin duka dala 17 da 'yan kai, na bar wa yarinyar 5 a kan teburi. Kar Baba yace almubazzaranci ne, nan ƙa'ida ce ka ƙara kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, dan a jiha irin Teksas doka ta yarda a biya mai kawo abinci dala 2 da senti 13 kacal a awa, sauran daga hannun masu ci yake fitowa.

Washegari sau biyu na koma, ina shiga kakar ta leƙo ta ɗaga min kaskon nan sama kowa ya kwashe da dariya. Na kai mata yajin Inna ta lasa, ta ƙara lasa, tace gyaɗa ce a ciki ko, nace ƙuli-ƙuli, ta kasa faɗa sai kuli kuli take ta maimaitawa. Rabin robar na juye mata, dan haka a gaya wa Inna in an samu mai zuwa ina buƙatar wani.

Yanzu ga saƙona. In an fara cire zobon bana ka ɗauko min hoto mai kyau da rana, da gonar da kuma su Inna suna ɓarewa a tsakar gida, ko ɗan bidiyo, nayi wa dattijuwar alkawari zan nuna mata in na sake bi ta hanyar, wataƙila ƙarshen wata. Sannan ka tambayo min nawa buhu yake a kasuwar Alhamis ta Maigatari yanzu, kuma in ba matsuwa aka yi ba kar a sayar da wuri, na turo kuɗin maganin Baba da na makarantar Auta jiya ta hannun wanda ka sani, in ya shigo ka sanar da ni. In zaka kira ka tuna yanzu awa 7 ne tsakaninmu in ina Dalas, in ina Niyu Meksiko 8, ranar nan ƙarfe uku na dare ka tashe ni.

A gaida Inna da Baba da kyau, a gaida Gwaggo da su Kawu da Malam na masallacin ƙofar gida, a ce ina neman addu'a.

Ƙaninka.