'Yata mai sikila ta shiga jami'a, ta fara ɓoye mana ciwonta

Assalamu alaikum Malama. Ina yi miki fatan alheri, Allah ya ƙara basira. Ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan, na gwammace in shimfiɗa komai dalla-dalla yadda shawarar da za ki ba ni za ta zauna daidai. Ba magani nake nema ba, muna da likita kuma muna bin umarninsa. Abin da ya fi ƙarfina shi ne yadda zan miƙa wa yarinya ragamar kula da lafiyarta, alhali duk lokacin da na sassauta sai ta kwanta asibiti, in kuma na matsa sai ta ƙara nesa da ni.

Yaranmu uku. Babban namiji ne, shekararsa 22, yana ajin ƙarshe a jami'a. Mai bi masa mace ce, shekararta 19, tana aji biyu a jami'a ɗaya da shi, tana zaune a ɗakin kwanan ɗalibai. Autan yana da 17, yana shirin shiga. Ni da maigida dukanmu AS ne, wato muna ɗauke da gadon sikila amma ba mu da ciwon. Babban ya zo AA, bai ɗauko gadon ba, autan AS, ita kuwa SS, wato mai ciwon sikila.

Awon jininta, wanda likitoci suke kira haemoglobin, a kwanakin lafiya yana tsayawa a 8, wani lokaci 7.5, kuma da hakan take harkokinta. Ƙwayar jinin mai sikila kwana 10 zuwa 20 take yi ta mutu, ta mai lafiya kuwa tana kai kwana 120, shi ya sa kullum jikin yana cikin cike gurbi. Idan ruwan jiki ya yi ƙasa, ko sanyi ya kama ta, ko zazzaɓi, ko gajiya ta yi yawa, ƙwayoyin sai su lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan hanyoyin jini. Nan ne ciwon yake tashi. Nata ya fi kama baya, cinyoyi da ƙugun dama.

A gida tsarinmu bai da wuya. Folik asid ƙwaya ɗaya kullum. Haidiroksiyuriya, maganin da ke rage tashin ciwon, kafso biyu na miligiram 500 kowane dare, gwargwadon nauyinta na kilo 50. Ruwa lita uku, wato gora mai lita ɗaya da rabi sau biyu kafin ta kwanta. Wanka da ruwan ɗumi, barci a gidan sauro, gwajin jini duk wata uku saboda haidiroksiyuriya yana iya rage fararen ƙwayoyin jini, sai duba ido da fitsari sau ɗaya a shekara. Ba ta shan maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe sai likita ya rubuta, domin ƙarancin jininta ba na rashin ƙarfe ba ne, kuma wanda ake yawan yi wa ƙarin jini ƙarfen taruwa yake yi masa. Idan ciwo ya fara, farasitamol giram ɗaya duk awa shida, kada ya wuce sau huɗu a yini, a ƙara ruwa, a gasa wurin da tawul mai ɗumi. Ƙanƙara ba ta zuwa kusa da ita. Akwai abubuwan da likita ya ce ba a kwana da su a gida: zafin jiki ya kai 38, ciwon ƙirji ko numfashi sama-sama, ciwon kai mai tsanani, rashin ƙarfin hannu ko ƙafa ta ɓangare ɗaya, magana ta harɗe, ko tafin hannu ya yi fari fat fiye da yadda aka saba. Zazzaɓin ya fi ba ni tsoro, domin saifar mai SS tun yarinta take daina aiki, ƙwayar cuta kan bazu a jini cikin awoyi. Da wannan tsari ta yi shekara uku a jere ba ta kwanta asibiti ba.

A zangon karatun da ya wuce kaɗai ta kwanta sau biyu. Da ta dawo hutu na zauna na bi diddigin abin da ya lalace, kuma kusan kowanne yana da dalilinsa.

Ruwa shi ne na farko. Ƙodar mai sikila ba ta iya riƙe ruwa yadda ta sauran mutane take yi, ko ta sha ko ba ta sha ba fitsari yana fita da yawa. Idan ta sha lita uku, sai ta tashi sau biyu ko uku a laccar awa biyu, a zaure mai cike da ɗalibai, ta ratsa layi kowa yana kallonta, banɗakin kuma da nisa. Sai ta yanke wa kanta hukunci: ranar da take da lacca ba ta shan ruwa sai ta koma ɗaki da yamma. Kwana biyar a mako ke nan tana yini da ƙishirwa, jini yana kauri, ga tafiyar ƙafa tsakanin azuzuwa. Ɗakinta a hawa na uku yake, gadonta na sama, da asuba kuma ruwan sanyi take watsawa saboda an hana abin dafa ruwa a ɗakunan. Lokacin jarrabawa tana kai ƙarfe uku na dare tana karatu. Idan wannan ya haɗu da kwanakin al'adarta, waɗanda dama ciwon yakan tashi a cikinsu, ba sai an yi duba ba.

Na biyu magani. Na haɗa mata kafson haidiroksiyuriya 180 na kwana 90. Ta dawo da 70 a ƙasan akwati, cikin safa. Kwana 35 ke nan ba ta sha ba. Likita ma ya gane tun kafin in buɗe baki, domin wannan magani yana ƙara girman jajayen ƙwayoyin jini, nata ya saba wuce 100 a takardar gwaji, wannan karon ya sauko 80 da wani abu. Shi kuwa ba maganin sha-yanzu-magani-yanzu ba ne, yana ɗaukar wata uku zuwa shida kafin amfaninsa ya bayyana, ana yi masa tsallake kuma kariyar tana raguwa. Da na lallaɓa ta ta faɗa mini dalili. Wata 'yar ɗakinsu ta ga kwalin, ta bincika sunan a waya, ta ga ana ba masu kansar jini, magana ta zaga ɗakin. Ga farcenta da ya yi duhu, wanda dama maganin yana jawo hakan, ƙawaye suna ta tambaya. Daga nan ta koma sha a ɓoye, sai ɗaki ya zama ba kowa. Ɗakin mutum huɗu kuwa yaushe zai zama ba kowa?

Na uku shi ya hana ni barci. Ta fara sayen daikilofenak, wani maganin kashe ciwo, da kanta tana sha kusan kullum saboda ƙugun, ba tare da likita ya sani ba. Irin wannan magani idan aka daɗe a kansa yana cin ciki yana taɓa ƙoda, ƙodar da dama sikila take yi wa lahani. Ya kuma rufe ciwon da ya kamata a duba, domin ciwon ƙugu mai naci ga mai sikila yana iya zama alamar jini ya daina isa kan ƙashin cinya. Yanzu an rubuta mana hoton ƙugun, muna jiran ranar.

Kwanciyar ta biyu ita ce ta girgiza gidan. Ta yi kwana biyu da zazzaɓi, ma'aunin da na saka mata a jaka ya nuna 38.7, ta gani da idonta ta mayar da shi. Tana da jarrabawa washegari. A waya ta ce mini mura ce. Na lura ta ƙi ɗaga kiran bidiyo, ashe idonta ne ya yi rawaya, ta san ina gani zan gane. Dare na biyu ƙirji ya riƙe, 'yar ɗakinsu ce ta kira yayanta. Da aka auna iskar jininta ta sauka zuwa kashi 89 cikin ɗari. Aka saka mata iskar oksijin, aka yi mata allurar kashe ƙwayoyin cuta, aka ƙara mata jini leda biyu, kwana takwas tana kwance. Jarrabawar da ta ɓoye ciwon dominta ta wuce ta, har da wasu biyu.

Ban ɗora mata laifin duka ba. A kwanciyar farko da ta je da ƙafarta tana kuka, wani ma'aikacin lafiya ya dube ta ya ce ai masu sikila sun saba, allura kawai take so. Ta yi awa uku a kan benci kafin a duba ta. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya zai yi ta jan ƙafa kafin ya koma.

To Malama, ga inda gidan yake yanzu. Maigida ya ce ta haƙura da zaman makaranta, ko ta jingine karatun shekara ɗaya, ko a nema mata canji zuwa inda za ta riƙa zuwa daga gida. Hujjarsa ita ce sai da rai ake digiri, kuma ba ni da bakin musa masa, shi ya kwana a ƙofar ɗakin da take kwance. Ita kuma ta ce idan aka cire ta an tabbatar mata da abin da take tsoro tun tana ƙarama, cewa ba za ta taɓa yin komai kamar kowa ba. Sakamakonta yana da kyau, kwas ɗin kuma ita ta zaɓa. Ni a ganina dawo da ita gida ɗage matsalar ne kawai. Ko ba jami'a, wata rana aiki ko aure zai raba ta da gabana, kuma gara ta koyi riƙe kanta yanzu da muke da ƙarfin tare mata.

Babban kuma mun mayar da shi ɗan sanda ba mu sani ba. Tun da ta shiga muka ce ya riƙa leƙa ta kullum yana ba mu rahoto. Yanzu in ta hango shi sai ta canja hanya, shi kuma aikin bincikensa na kammalawa ya tsaya mako uku saboda jinya. Bai taɓa ƙorafi ba, amma da aka sallame ta ya ce mini, "Mama, baɗi ba na nan fa." Autan ya yi shiru da yawa. Ranar da sakamakon jarrabawarsa ya fito muna asibiti, sai bayan kwana huɗu wani ya tuna ya tambaye shi. Ya fara cewa shi makaranta mai nisa yake so.

Nawa laifin na san shi. Ina kiranta sau uku a rana, kuma kowane kira da tambaya ɗaya yake farawa: kin sha magani, gora nawa kika sha. A hutun nan tana wanke-wanke, ba ta ko juyo ba, ta ce, "Mama, tunda na tafi ba ki taɓa tambayata me ake koya mana ba." Shekara 19 ni ce mai ƙirga ƙwaya, ni ce mai amsa tambayar likita tana zaune a gefe. Da na gwada ta, ba ta san adadin miligiram ɗin da take sha ba, ba ta san rukunin jininta ba. Na iya ciwon nan ciki da bai, amma ban koya wa mai shi ba.

Akwai gyaran da na riga na fara. Likita ya rubuta takarda zuwa ga hukumar makaranta a ba ta ɗaki a ƙasa da gadon ƙasa, da izinin fita daga lacca da zauren jarrabawa idan ta buƙata. Ya rubuta wata mai shafi ɗaya da za ta riƙa yawo da ita, mai ɗauke da matsayin jininta na yau da kullum, rukuninsa, magungunanta, da abin da ake ba ta idan ciwo ya yi tsanani, don kada a sake barinta a benci. Na sayi babban filas na ruwan zafi saboda wankan asuba. Mun raba ruwan: rabin lita da ta tashi, ƙaramar gora tana kurɓa a aji, sauran daga la'asar zuwa dare. Kafso kuma za a juye su a ƙaramin akwatin magani na mako, ba kwali ba suna. Sai dai ta ce takardar makarantar ba za ta kai ba, ba ta son a san ta da ciwo. Duk waɗannan dabaru nawa ne, in ba ta karɓe su a matsayin nata ba, a ƙasan akwati za su ƙare kamar kafso 70 ɗin nan.

Shi ya sa na zo gare ki. Ta yaya zan buɗe maganar da ita ba tare da ta ji kamar tuhuma ba? Na yi tunanin in daina shiga ɗakin likita da ita, in rage kira zuwa sau ɗaya, in daina tambayar magani gaba ɗaya, a madadin haka ta yi mini alkawari ɗaya tak: zazzaɓi ko ciwon ƙirji ba za ta ɓoye ba ko da ranar jarrabawa ce. Wannan ciniki ne mai hankali, ko ganganci ne ga yarinyar da ta riga ta ɓoye sau ɗaya? Takardar makarantar fa, in kai da kaina ko da ba ta so, ko in bar ta sai ta yarda? Shekarunta sun kai a nemi izininta, amma hawa uku da ƙugun nan ba abin jira ba ne.

Sannan da wane harshe zan tunkari mahaifinta? Ba na son ya ga kamar na fifita karatu a kan ranta, ba na kuma son mu yanke hukunci a kanta tana ɗaki tana jiyo mu. Ina tunanin roƙonsa ya ba ta zango ɗaya na gwaji bisa sharuɗɗan da za mu rubuta mu uku, amma ban san me ya kamata ya biyo baya ba idan ta sake kwanciya, tunda mai sikila yana iya kiyaye komai ciwon ya tashi. Ba na son ta ɗauki kowace kwanciya a matsayin faɗuwa jarrabawa, don hakan ne zai sa ta ƙara ɓoyewa. Yayanta kuma ina son in sauke masa wannan kaya, sai dai ban san wa zan ɗora wa ba, ita kuma ta ƙi a sanar da ko ƙawa ɗaya alamomin haɗari.

Saura mako uku su koma, kuma maigida ya ce yana son a tsayar da magana kafin a biya kuɗin ɗaki. Don Allah ki taimaka da amsa kafin lokacin, a kuma sakaya sunana. Na gode, Allah ya saka da alheri.

Daga wata uwa.