Likita ya ce a motsa jiki, to wa zai kula da mai motsin?

Assalamu alaikum, Malam Edita. A ba ni fili in yi magana a kan abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Na koyar da wasannin motsa jiki a sakandare shekara 14, yanzu kuma ina horar da mutane a wani ɗakin motsa jiki a nan Kano. Da, samari ne ke zuwa mana, masu son ƙirji ya buɗe damtse ya cika. Yanzu kuwa bayan sallar asuba dattawa nake gani, 'yan kasuwar Kwari da Singa da 'yan fansho, wannan da hawan jini, wancan da ciwon suga. Duk bakinsu ɗaya: "Likita ya ce in rage tumbi, in riƙa motsa jiki." Iyakar abin da aka gaya musu ke nan.

Bara wani dattijo mai kimanin shekara 60 ya zo mini. Na ɗora shi a keken motsa jiki. Bai cika minti 20 ba na ga gumi mai sanyi yana karyo masa, hannu na rawa, harshe na sarƙewa. Na ɗauka gajiya ce, na miƙa masa ruwa. Allah Ya sa akwai wani ma'aikacin jinya a cikin masu zuwa wurinmu. Shi ya tambaye shi ko ya karya. Ashe ya sha ƙwayar sugarsa, glibenclamide, ya fito ciki ba komai. Aka ruga aka sayo lemon kwalba mai zaƙi, cikin kwatan awa ya dawo hayyacinsa. Ma'aikacin jinyar ya ce mini, "Malam, motsa jiki da kansa yana sauke suga. In ya haɗu da wannan magani da yunwa, sugar ta faɗi ƙasa da 70 a na'urar awo, mutum na iya suma a hannunka." Daren nan ban runtsa ba. Duk karatun da na yi a kwaleji, ba a taɓa gaya mini wannan ba.

Tun ranar na shiga tambayar masana. Na gane cewa mai hawan jini in ya riƙe numfashi yana ɗaga ƙarfe, jinin nasa harbawa sama yake yi nan take. Mai shan atenolol kuwa, wani maganin hawan jini, zuciyarsa ba ta saurin bugawa ko ya jigata, don haka ƙirgen bugun da muke yi wa samari ba ya aiki a kansa. Sai dai a duba ko yana iya magana yana tafe. Abin da ya fi tsorata ni ƙafar mai suga ce. Ciwon kan kashe jijiyoyin ji, takalmi ya goge masa yatsa bai sani ba, gyambo ya kama. Yanzu da kaina nake cewa, "Alhaji, cire safa mu gani." Da azumi kuma ba na barin mai suga ya hau keke dab da shan ruwa.

Wasu abokan aikina sun zaɓi korar dattawa don gudun rigima. Ban yarda da haka ba, domin zaman ya fi motsin haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsi a mako, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka, har da masu irin waɗannan cututtuka. Wasu kuma sun fi ɓarna, da tumbi ya ɗan sauka sai su ce wa mutum ya ajiye maganinsa. Wannan ba huruminmu ba ne ko kaɗan.

A Ingila likita kan rubuta takarda ya tura majiyyaci wurin mai horarwa da ke da shaida ta musamman kan wannan aiki. Mu ma muna da kayan aikin. Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello suna da sashen ilimin motsa jiki, muna da likitocin gashin ƙashi, ga Cibiyar Wasanni ta Ƙasa a Legas tana yaye masu horarwa. Roƙona ga Ma'aikatar Lafiya da ta Wasanni su haɗa kai da waɗannan, a shirya mana kwas ko na wata uku ne, Asabar da Lahadi, a koyar da Hausa, a ba da shaida. A sa mata sosai a ciki, don hajiyoyinmu masu ciwon gwiwa da suga ba za su zo wurin namiji ba. A kuma wajabta wa kowane ɗakin motsa jiki ajiye abin awon jini da na suga, kuɗinsu bai kai na keke ɗaya ba. Likitoci kuma don Allah ku riƙa rubuto mana layi uku: ciwon mutum, maganinsa, da abin da kuka hana shi.

Dattijon nan ya dawo, yana karyawa kafin ya fito, dabino uku a aljihu, muna awo kafin ya fara. Amma akwai wani da ya yi shanyewar ɓarin jiki, ɗansa ya kawo shi mako biyu da suka wuce. Na ce su je su samo mini takardar likita tukuna. Har yau ina jiransu.

Daga wani mai horar da masu motsa jiki, Kano.