Wasiƙa Zuwa Ga Aminina Mai Shirin Yin Ista a Urushalima

Zuwa ga aminina,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara, kamar yadda muke a nan Wusasa. Bayan gaisuwa, saƙonka ya iso, na kuma yi murna ƙwarai da jin cewa Allah ya nufe ka da ziyarar Urushalima a makon Ista. Ka nemi in gaya maka abin da za ka karanta da wuraren da za ka sa wa ido, to ga abin da ya sawwaƙa.

Kafin ka buɗe Linjila, ka koma littafin Fitowa sura 12, inda Allah ya umarci Isra'ilawa a Masar kowane gida ya yanka ɗan rago marar lahani a ranar 14 ga watan fari, a shafa jininsa a madogaran ƙofa, a ci naman da gurasa marar yisti da ganye mai ɗaci, kada kuma a karya masa ƙashi ko ɗaya. Wannan Idin Ƙetarewa shi ne ya tara jama'a a Urushalima a makon da aka gicciye Yesu, shi ne kuma ya sa gwamna Bilatus ya baro mazauninsa a Kaisariya, inda aka tono wani dutse mai ɗauke da sunansa a 1961, ya zo birnin don gudun tarzoma. In ka riƙe wannan, za ka gane abin da ya sa Yohanna ya tsaya ya faɗa mana cewa sojoji sun karya ƙafafun mutum biyun da aka gicciye tare da Yesu amma ba su taɓa nasa ba, da abin da Bulus yake nufi a 1 Korintiyawa 5:7, inda ya kira Almasihu ɗan ragonmu na Idin Ƙetarewa.

Sai ka tambayi masu shirya tafiyar wace Ista ce za ku tarar. Tun bayan taron shugabannin ikkilisiya a garin Nikiya na shekarar 325 aka tsaya a kan Lahadin da ta biyo cikar wata ta ranar 21 ga Maris ko bayanta, shi ya sa tamu take faɗawa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. Ikkilisiyoyin Otodoks kuwa da tsohuwar kalanda suke lissafi, saboda haka tasu takan biyo bayan tamu da mako ɗaya, wani lokaci har biyar, ko da yake a 2025 duka biyun sun haɗu a ranar 20 ga Afrilu. In kun dace da tasu, to ranar Asabar ɗin da suke bikin Wuta Mai Tsarki kada ka sa rai da shiga Cocin Kabari Mai Tsarki, inda ake yin bikin, domin 'yan sanda suna ƙayyade masu shiga.

Za a fara da ku daga Betafaji a Dutsen Zaitun, a gangaro da ku zuwa Getsamani a bakin Kwarin Kidron. Cocin da ke nan an gama shi a 1924, da gangan kuma aka yi tagoginsa masu duhu don a tuna da daren da aka kama Yesu. Mai yi muku jagora zai iya cewa tsofaffin itatuwan zaitun guda 8 da ke lambun sun ga addu'ar Ubangiji, amma binciken da aka fitar a 2012 ya nuna uku da aka gwada na ƙarni na 12 ne. Haka ma Hanyar Gicciye mai matsaya 14: ka bi ta da zuciyar addu'a, amma ka sani tsakiyar kasuwa ce, wasu matsayan kamar faɗuwa uku ba su cikin Linjila, masana da yawa kuma suna ganin a fadar Hirudus kusa da Ƙofar Yafa aka yi shari'ar, ba inda hanyar take farawa ba.

Abin da na fi so ka yi tunani a kai shi ne batun kabari, domin biyu za a nuna maka. Na farko shi ne Kabarin Lambu, a wajen Ƙofar Dimashƙu, daura da tashar mota. Wuri ne mai tsabta da inuwa da furanni, kuma 'yan'uwanmu na ikkilisiyoyin bishara a nan suka fi sakin jiki su yi waƙa su ci jibin Ubangiji. An gano kogon a 1867, ya yi suna bayan Janar Gordon, Baturen nan da aka kashe a Khartum a 1885, ya dubi tudun da ke kusa a 1883 ya ce siffar ƙoƙon kai gare shi, abin da sunan Golgota, inda aka gicciye Yesu, yake nufi. Sai dai masu binciken kayan tarihi, irin su Gabriel Barkay, sun nuna an sassaƙa kogon ƙarni 7 ko 8 kafin haihuwar Almasihu, alhali Yohanna 19:41 ya ce sabon kabari ne da ba a taɓa sa kowa a ciki ba.

Na biyu shi ne Cocin Kabari Mai Tsarki, kuma a ganina shi ya fi ƙarfin hujja, duk da cewa shi ne zai fi ba ka mamaki da cunkoso da hayaƙin turare. Za ka ce ai a tsakiyar birni yake, alhali Ibraniyawa 13:12 ta ce a bayan ƙofar gari Yesu ya sha wuya. Amsar ita ce a lokacin wurin tsohuwar mahaƙar duwatsu ce a wajen ganuwa, sai tsakanin shekarar 41 da 44 Sarki Agaribas ya fara wata ganuwar da ta zagaye shi. In ka zaga bayan ɗakin kabarin, wato ɗan ginin da ya rufe kabarin a cikin cocin, ka shiga wani ƙaramin ɗakin sujada na Suriyawa wanda bangonsa ya yi baƙi, ka sunkuya da fitilar wayarka, za ka ga ramukan kaburbura na zamanin Yesu a cikin dutse. Yahudawa ba sa binne gawa a cikin gari, don haka waɗannan ramukan shaida ne. Sarki Hadiriyan ya gina ɗakin gunki a kan wurin wajen shekarar 135, Sarki Kustantin ya rushe shi ya gina coci da aka keɓe a 335, Halifa Alhakim na Masar ya ragargaza shi a 1009, kuma mafi yawan ginin da za ka gani na 1149 ne.

Da ka shiga, ka juya dama ka hau matakala mai tsini zuwa Golgota, inda za ka durƙusa ƙarƙashin bagade ka zura hannu ta wani rami ka taɓa dutsen. A ƙasa za ka ga mata suna zuba turare a kan wani shimfiɗaɗɗen dutse suna gogewa da ƙyalle su kai gida. Ɗakin kabarin, wanda aka gyara tsakanin 2016 da 2017, mutum uku ko huɗu yake ɗauka, ƙofarsa gajeriya ce, kuma kafin ka kai ƙarshen Addu'ar Ubangiji limamin Girka da ke tsaro ya fara tafa hannu a fito.

Kada rabon wurin ya sa ka tuntuɓe. Kamar gidan gado yake: Girkawa da Katolika da Armeniyawa ne ke da kaso mafi tsoka, Kibɗawa, wato Kiristocin Masar, da Suriyawa na da ɗan abin da ya samu, Habashawa kuwa a kan rufi suke zaune. Dokar sarkin Turkiyya ta 1852 ce ta tabbatar da cewa kowa ya tsaya inda yake, shi ya sa wani tsani na katako yake jingine ƙarƙashin taga a saman ƙofa shekara da shekaru ba mai ikon ɗauke shi. Mabuɗin kuma yana hannun iyalan Musulmi biyu, gidan Judeh ke ajiye shi, gidan Nusaiba ke buɗewa. An ruwaito cewa da Halifa Umar ya karɓi birnin wajen 638, ya ƙi yin salla a cikin cocin don kada mabiyansa su mai da shi masallaci, kuma masallacin da ke ɗauke da sunansa yana nan daura da harabar. Wannan labari ya cancanci ka kai wa maƙwabtanka Musulmi in ka dawo.

In da hali, ka bar ayarinku ka je cocin da asuba lokacin da ake buɗe ƙofa, domin a sa'an nan ne layin kabarin yake gajere. Ka tafi da takalmi mai riƙe ƙasa saboda duwatsun titunan suna da santsi, da rigar sanyi domin daren Urushalima a wannan lokaci yana da sanyi ƙwarai.

Ka gaishe mini da uwargida da yara da dattawan ikkilisiyarku. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.

Naka,
Amininka