Kada a fara da zare wayar firoksi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni ɗan fili in ja hankalin masu kula da intanet a makarantu da ofisoshi. Har yanzu akwai masu na'urar nan mai ajiye kwafin shafuka, wato firoksi, galibi mai aiki da manhajar Squid. Ta yi rana a zamanin intanet na tauraron ɗan'adam mai ɗan karen tsada. Yau kuwa yawancin shafuka a kulle suke zuwa ta HTTPS, ƙofa 443 (ƙofa ita ce lambar mashigar da kowane irin saƙo ke bi), ba ta ganin cikinsu balle ta ajiye. Cire ta ba laifi, amma zare waya shi ne aiki na ƙarshe.

A fara da fayawol, wato shingen da ke tantance abin da zai shiga ko ya fita daga sadarwa. Sau da yawa adireshin firoksi kaɗai aka yarje wa fita ta ƙofa 80 da 443, sai an buɗe wa sauran kwamfutoci hanya tukuna.

Sannan a duba yadda ake tura mata buƙatu. In WCCP ne, wato tsarin da rawutar Cisco (na'urar da ke rarraba hanyar intanet) ke bi ta miƙa wa firoksi buƙatu, da sauƙi: duk daƙiƙa 10 na'urar kan sanar cewa tana nan, in ta yi shiru kamar daƙiƙa 30 rawuta ta daina tura mata. In kuwa dokar dst-nat ce a rawutar MikroTik mai karkatar da ƙofa 80 zuwa 3128, ƙofar firoksi, rawuta ba ta san an cire komai ba, za ta ci gaba da zuba buƙatu a rijiya. Sai ka ga Facebook na buɗewa don ta ƙofa 443 yake bi, wani tsohon shafi mai bin ƙofa 80 ya ƙi, a yi ta zagin kamfanin intanet a banza. A kashe dokar, amma kada a goge ta, ko za a koma.

Saura hanyoyin da ke nuna wa kwamfutoci inda firoksi take: fayil ɗin PAC, da sunan wpad a DNS (kundin sunayen na'urori), da zaɓi na 252 a DHCP (mai raba wa kwamfutoci adireshi), da burauzocin da aka rubuta wa adireshin da hannu. A bar na'urar a kunne mako guda ana leƙa access.log, wato rajistar masu neman shafi ta cikinta. Duk adireshin da ya ƙara bayyana, kwamfuta ce da aka manta.

In musanya za a yi, a ba sabuwar adireshin tsohuwar, a share ARP na rawuta, wato jerin da take tuna na'urar da ke da kowane adireshi. Jami'o'i su kula musamman, don sau da yawa da wannan adireshi mawallafan mujallu ke gane ɗakin karatunsu.

Faifanta kuma na ɗauke da tarihin duk shafin da kowa ya leƙa. A goge shi tas kafin a kai ta sito ko a yi gwanjonta.

Naku,
Wani ma'aikacin sadarwar kwamfuta, Kano